Keken da Na Tuƙa wa Baba Bakur

Duk sanda na kira gida, abin da ake fara ce mini shi ne, "Sabi'u, kai dai ka dace, ga ka ga Ɗakin Allah." Sai in ce alhamdu lillahi, in yi maza in kawo zancen damina ko na wanda ya yi aure. Ba su san cewa a garin nan mai alfarma na yi abin da ya fi komai ba ni kunya tunda uwata ta haife ni ba. Ban yi sata ba, ban daki kowa ba. Keke kawai na tuƙa, a cikin ɗaki, keken da ko bakin ƙofa bai taɓa zuwa ba. Matata ma ban faɗa mata ba har yau.

Zangona na farko a Makka unguwar Kudai ce. Ejan ɗin da ya yi mini takardu a Kano ya rantse mini cewa direban kamfani zan zama, da ɗakina ni kaɗai. Da na sauka sai na tarar aikin lodi ne: ɗora jakunkunan masu Umara a manyan motoci da sauke su, tun hantsi har rana ta faɗi. Wanda bai taɓa ɗaga jakar Hajiyar da ta gama sayayya a Makka ba, bai san nauyi ba. Ɗakin kuwa mu tara ne a ciki, gado a kan gado, kowa da yarensa, kowa da irin minsharinsa. Na kira ejan ina huci. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To Malam Sabi'u, ba a jikin mota kake aikin ba?" Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Wata bakwai na yi a haka. Abin da ya riƙe ni, bayan Allah, wani Basudane ne mai gadon da ke ƙasan nawa. Ba ya jin Hausa, ni kuma Larabcina a lokacin bai wuce na sallah ba. Amma kullum da safe sai ya raba wakensa biyu ya turo mini rabi da gutsuren burodi, ko kallona ba ya yi don kada in ji nauyi. Har na bar wurin ban san cikakken sunansa ba.

Bakina ne ya fitar da ni daga Kudai, kuma ba don ya faɗi alheri ba. Wata rana wani mutum ya zo ɗaukar baƙinsa, ya cusa motarsa tsakanin manyan motoci biyu, ya kasa fita. Ya yi gaba, ya yi baya, ya sake yin gaba, duk ya tare mana hanya. Baƙi ne kamata, amma da farar jallabiya da jan ɗankwalin nan na Larabawa, yana ta zuba Larabci a waya. Da yake na tabbata ba mai ji, sai na ce da ƙarfi, "Wannan ko amalanke aka ba shi sai ya kashe mutane."

Ya leƙo ta taga ya ce, "To kai da ka iya, zo ka fitar."

Da Hausa! Wallahi saura kaɗan jakar da ke kaina ta faɗo. Na shiga na fitar da motar a juyi biyu, kaina a sunkuye. Shi kuwa dariya yake har da tafa hannu. Ya tambayi sunana da garinmu, ya karɓi lambata.

Shi ne Ustaz Faisal. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga Zazzau ya zo Hajji ya zauna. Hausarsa a gauraye take, in ya yi kalma uku tamu sai ya jefa biyu na Larabci. Ashe yana neman direban gida mai jin Hausa wanda zai riƙa zama da mahaifinsa, don tsohon in jiki ya matsa masa ba ya son a yi masa kowane yare sai na uwarsa. Sai da aka yi wata biyu ana kai da kawo kafin a mayar da igamata, wato takardar zama, ƙarƙashin sunansa.

Zango na biyu Utaibiyya, tsohuwar unguwa mai matsattsun lunguna, inda mota sai ka lallaɓa ta kamar amarya. Gidan hawa biyu ne. Ustaz Faisal da iyalinsa suna sama, mahaifinsa yana ƙasa shi kaɗai tunda matarsa ta rasu, ni kuma aka ba ni ɗan ɗaki a bakin ƙofa. Ranar da na fara kwana ni kaɗai a ɗaki, shirun ma sai ya hana ni sakewa.

Mahaifin nasa, Baba Bakur, ya haura saba'in. Shekara arba'in ya yi a tsaye a gaban garwashi yana sayar da tsire, abin da ya cinye masa gwiwoyi ke nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Daga ina?"

"Dambatta, ƙasar Kano, Alhaji."

"Wane Alhaji? A garin nan kyanwa ma Hajiya ce. Ka ce Baba." Sai ya juya wajen ɗansa. "Faisal, duk duniya ka rasa wanda za ka kawo mini sai Bakano? Maza a ƙirga cokula."

Ban san sanda bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Baba, me Bazazzagi ya ajiye da Bakano zai ɗauka?"

Ustaz Faisal ya zaro ido, don shi bai san wannan wasan ba. Tsohon kuwa ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Mutumin da bai taɓa taka Zariya ba, amma ya riƙe wasan Kanawa da Zagezagi kamar yadda ubansa ya koya masa. Ya ce shekara goma rabon da ya samu Bakanon da zai zaga, duk abokan wasansa sun mutu. Daga ranar na zama "bawana", shi kuma "bawan Kanawa". A akushi ɗaya muke cin abinci. In na yi kewar gida, ya gane kafin in yi magana, sai ya ce, "Yau fuskar Bakano kamar an ƙwace masa kasuwa," ya sa ni in ba shi labarin 'ya'yana. Tunda na baro gida ban ji ni mutum ba sai a ɗakin nan.

Da sanyi ya fara shigowa aka yi masa aiki a gwiwar dama. Ina tsaye likita ya yi bayani, Ustaz Faisal yana juya mini da Hausa don kada in ce ban ji ba. Aikin ya yi kyau, amma sauran aikin na Baba ne. Dole gwiwar ta riƙa lanƙwasawa kullum, da ciwo ko ba ciwo, musamman a watannin farko. In aka bar ta ta sandare a miƙe, to komawa tafiya da ƙafarsa zai yi wuya. Baba kuma ba abin da yake so a duniya irin ya taka zuwa masallacin unguwa kamar da, ya kuma yi ɗawafi ba wanda ya riƙe shi.

Matsalar ita ce mutanen Makka ba su iya sanyi ba. Ɗan iskan da mu a gida ko hula ba za mu ja ba, su har da rigar ulu da bargo. Baba ya ce shi ba zai leƙa waje ba sai gari ya yi ɗumi. Shi ya sa Ustaz Faisal ya sayo keken motsa jiki, irin wanda ake kafewa a ɗaki, ka yi ta tuƙi ba ka zuwa ko'ina. A gabansa akwai ɗan allo mai nuna mintin da aka yi da nisan da aka ci, kuma duk abin da ya nuna yana zuwa wayar Ustaz.

Shi Ustaz dama mayen keke ne. Duk Juma'a a lokacin sanyi, da an idar da Asuba, shi da abokansa sukan ɗora kekunansu a kan mota su tafi wajen Muzdalifa su yi ta zagaye, da matsattsun kaya da hular kwano. Abin ya daɗe yana ba ni dariya. Mu a gida wanda bai samu babur ba shi ke hawa keke, nan kuwa mai mota ne yake goya keke ya kai shi yawo. Ni kaina na yi shekaru ina kai barkono kasuwar Dambatta a kan keken mahaifina, ba wanda ya taɓa ce mini motsa jiki nake yi.

Bayan mako biyu likita ya ce a fara hawa. A makon ne kuma wurin aikin Ustaz suka tura shi Riyad, kusan wata uku. Da zai tafi ya riƙe hannuna a bakin ƙofa, ya kawo maganar Baba, wanda yake kira Abuya, ya ce, "Ya Sabi'u, Abuya amana ne a hannunka. Minti ashirin da safe, ashirin da yamma. Ranar Talata ka kai shi wajen masu gashin ƙashi. Ko ya yi kuka, kada ka saurare shi. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Ustaz. In sha Allahu kafin ka dawo sai dai ka bi shi da gudu."

Kwana uku na farko na yi abin da aka ce. Nakan ɗaga shi in ɗora a kan sirdi, in sa masa ƙafa a feda. In ƙafar dama ta taso sama, sai ya damƙe hannun keken, gumi ya karyo masa, ya yi ta "La haula, la haula". A rana ta uku na ga hawaye yana bin gemunsa. Dattijo, sa'an ubana, yana kuka a gabana. Na sauke shi na zaunar a kujera.

Washegari da safe ya ce, "Bawana, rufe ƙofa." Na rufe. Ya nuna keken da baki. "Hau."

"Baba, ni kuma?"

"To wa? Allon nan ya san Bakano da Bazazzagi ne? Yau kaɗai, in huta. In Faisal bai ga lamba ba zai kira ya yi ta ihu, kai ma ba za ka tsira ba. Haba, bawa ba zai yi wa ubangijinsa aikin minti ashirin ba?"

Da a ce da tsawa ya faɗa, ko da roƙo, wataƙila da na ƙi. Amma cikin wasa ya sako maganar, kuma abokin wasa ba a ɗaure masa fuska. Na ce, "Dama Zagezagi ba su taɓa yin aikin kansu ba." Na tattare wandona na hau.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na fara juya fedar nan, na lumshe ido, sai ga ni a hanyar garinmu. Na fito ta bayan masallaci, na sauka gangaren da ake sakin feda, na wuce tsamiyar da mata masu fura suke zama, na shiga yashin da sai ka miƙe tsaye a kan keke kafin ka tsallake. Har ƙarar buhun barkono nake ji a bayana. Shekara guda ina ƙasar mutane, ban taɓa zuwa gida ba sai a minti ashirin ɗin nan. Da allon ya yi ƙara na buɗe ido, sai na ji haushi ya ƙare. Da yamma tun kafin Baba ya yi magana na riga na rufe ƙofa.

"Yau kaɗai" ta zama kullum. Baba yakan zauna a kujera, ƙafar a miƙe a kan matashi, bargo har ƙirji, kofin shayi a hannu, yana ba ni umarni. "Ƙara wuta, bawana! Haka ake tuƙi a Kano? Shi ya sa kuke makara kasuwa." In na zarce kuma ya ce, "Kai, sassauta, kada ka kai ni Zariya ban shirya ba." Mu yi ta dariya. Matar Ustaz, da yake suruka ce ba ta shiga ɗakin sai gaisuwa daga bakin ƙofa, tana jin ƙarar keken daga sama, sai ta gaya wa mijinta cewa Baba ko rana ɗaya bai tsallake ba. Har farfesu take aikowa don ya ƙara ƙarfi. Tare muke shanye shi.

Talatar farko ya ce sanyi ya yi yawa, ba za shi asibiti ba. Ta biyu ma haka. Da Ustaz ya kira, ni da bakina na ce, "Ai Ustaz, abin da yake yi a gida ya fi na asibiti." Ya duba lambobin da ke wayarsa ya yarda. Yakan aiko saƙon murya yana cewa, "Masha Allah ya Abuya! Na nuna wa abokaina, sun ce ka fi su." Baba ya saurara, ya kashe mini ido.

Jikina kuwa sai daɗi yake ji. Ɗan tumbin da na fara ajiyewa ya zube. Ina ɗaukar tukunyar gas in hau bene ba na haki. Matata ta ganni a waya ta ce Makka ta karɓe ni.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Wajen mako na shida, ina taimaka masa ya yi alwala, na kama ƙafar zan ɗan lanƙwasa, na ji ta ƙi, kamar muciya. Cinyar ta rame, fatar ta saki. Na ce, "Baba, gobe ku za ku hau. Wallahi abin nan ba wasa ba ne."

"In sanyi ya wuce."

"Likita ya ce gwiwar ba ta jira. Ko ku hau, ko in gaya wa Ustaz."

Ya kalle ni, babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Ka gaya masa me? Wa ya yi tuƙin wata ɗaya da rabi? Ni ubansa ne, ba zai kore ni ba. Kai fa?" Sai kuma ya saki fuska, ya dafa kafaɗata. "Bari, bawana. Ni na san jikina. Zuba mana shayi."

Ba don ya cuce ni ya faɗa ba, tsoron ciwon nan ne kawai. Amma ni Kudai ce ta faɗo mini a rai, da gado a kan gado, da jakunkuna. Gaskiya ɗaya ce: na fi jin tsoron komawa can fiye da yadda na ji tsoron ƙafarsa ta lalace. Ga kuma hanyar garinmu da nake zuwa sau biyu a rana, wadda ba na son a raba ni da ita. Na zuba shayin, da yamma na hau.

Ustaz ya dawo ranar Alhamis da la'asar. Ya tarar da Baba a zaune cikin sabuwar jallabiya, an rufe ƙafa da bargo. Ya sumbaci kansa, ya rungume ni, ya ba ni turare. Ya ce gobe da Asuba in shirya mota, akwai inda za mu kai Abuya shan iska. Da ya hau sama, Baba ya ce mini, "Ka ga? Ba abin da ya faru."

Zango na uku Muzdalifa. Wanda ya san wurin nan da Hajji ba zai gane shi a sauran shekara ba. Fili fetal, manyan hanyoyi ba mota ko ɗaya, duwatsu sun kewaye, iska mai sanyi tana kaɗawa. Muna isa na hango abokan Ustaz, sun kai goma sha, kowa riƙe da kekensa. Yawancinsu 'ya'yan Hausawan Makka ne, wasu ma sun ci tsiren Baba tun suna yara. Suna ganin motar suka hau tafi. A tsakiyarsu ga sabon keke mai taya uku, irin na manya, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Ustaz ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa, fuskarsa kamar ta yaro ranar Sallah. Ya ce, "Abuya, wata uku kana tuƙi a ɗaki. Yau kai ne a gaba, mu duka muna binka."

Na kalli Baba, Baba ya kalli keken. A nan ya kamata in yi magana. Kalma huɗu ta isa. Amma na tsaya riƙe da ƙofar mota kamar an dasa ni.

"Kawo sandata," in ji Baba.

Tun daga fitowarsa mota tafin ya fara raguwa, don sai da ya rataya a wuyana muka ci taku biyar ɗin nan. Mu biyu muka ɗora shi a sirdi. Ya sa ƙafar hagu a feda. Ta dama ta ƙi hawa, sai da Ustaz ya durƙusa ya ɗaga ta da hannu, kuma na ga sanda hannun nasa ya tsaya a kan cinyar, ya ji yadda ta rame. Baba ya cije leɓe ya danna. Keken ya matsa kamar taku ɗaya. Da fedar dama ta taso, gwiwar ta ƙi lanƙwasawa, ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Ya sake gwadawa. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa hula a cikin sanyin nan. Mutum goma sha suna tsaye suna kallo. Wani ya juya baya yana gyara sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta.

Baba ya ɗago ya yi murmushin dole ya ce, "Yau ƙafar ce ta tashi da rigima. Ku je ku yi wasanku, 'ya'yana."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Har a wannan halin rufa mini asiri yake yi.

Muka kamo hanyar gida. Ustaz yana gefena, yana ta duba wayarsa, yana sama da ƙasa da lambobin. Can ya ce, "Na'urar ce ta yi ƙarya. Wallahi yau sai na je wajen wanda ya sayar mini, sai na kai shi ƙara. Ya sa na bar Abuya ba asibiti wata uku."

Na gangara gefen titi na tsaya. Na ce, "Ustaz, na'ura ba ta yi ƙarya ba. An yi tuƙin. Ni na yi."

Bai gane ba da farko. Na sake faɗa, na gaya masa tun daga rana ta huɗu, da Talatocin da ba mu je ba, da abin da na ce masa a waya. Baba daga baya ya ce, "Faisal, ni na sa shi. Kada ka taɓa shi, ni na tilasta masa."

Ustaz bai waiwaya ba. Ni yake kallo. Na zaci zai zage ni da Larabci, na ma fi son haka. Sai ya yi magana a hankali, da Hausa zalla, ba kalmar aro ko ɗaya.

"Shi ba shi da lafiya, ciwo yake ji. Kai me yake maka ciwo?"

 

Ranar Lahadi muka koma asibiti. Likita ya lanƙwasa ƙafar iya inda za ta je, ya auna, ya girgiza kai. Ya ce za a gwada, amma lokacin da ya fi amfani ya wuce, ga shekaru, ga naman cinya ya zube. Aka yi wata huɗu ana gashi, kullum ni nake kai shi, kuma wannan karon ko ya zage ni da gaske ba na saurara. An samu kaɗan. Yana iya zuwa banɗaki da ƙarfen dogarawa. Masallacin unguwa kuwa, da ke bayan gida biyar, ya fi ƙarfinsa. Aka sayo kujera mai taya.

Na haɗa kayana tun a makon farko ina jiran a ce in tafi. Ba a ce ba. Baba ya gaya wa ɗansa cewa in aka kori Bakanonsa, shi ma a nema masa wani gidan. Ustaz bai rage mini komai ba, bai sake tayar da maganar ba. Yana gaishe ni, ina gaishe shi. Amma ya daina ce mini "ya Sabi'u" da irin muryar da, kuma in zai bar wani saƙo game da mahaifinsa, sai ya kira da kansa ya tabbatar. Ni ma da ni ne shi haka zan yi.

Zangon da nake ciki yanzu shi ne Harami. Duk Litinin da hantsi nakan tura Baba mu hau sama inda masu kujera suke ɗawafi. Zagayen can ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba, matasa ma suna hutawa a tsakani. Ni kuwa nakan gama bakwai ɗin ko numfashina bai canza ba, kuma na san inda na samo wannan ƙarfin.

Kwanakin baya muna zagaye na biyar, wata tsohuwa 'yar Umara ta ji muna Hausa, ta matso tana bin gefenmu. Daga maganarta mutuniyar Sakkwato ce. Ta dubi Baba, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, ɗanka na?"

Baba ya ce, "Ɗana ne."

Ta ɗaga hannu tana fuskantar Ka'aba. "Allah Shi yi maka albarka, yaro. Yadda ka kula da tsohonka, Allah Shi ba ka masu kula da kai hakanan, kwabo da kwabo."

Baba ya shafa fuska ya ce amin da ƙarfi. Ta tsaya tana jiran tawa. Na buɗe baki, na kalli ƙafar nan a miƙe a gaban kujera, na kasa. A gaban Ɗakin Allah aka roƙa mini a yi mini daidai abin da na yi, kuma tsohuwar da zuciya ɗaya ta roƙa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da turawa, saura zagaye biyu.